Duhun Kumatu: Haɗin Kasuwa, Maganin Gida, ko Hanyar Likita?

Ranar sunan ɗana na biyu, a gidanmu da ke Yamai, ina zaune bakin gado mata suna shiga suna fita da barka, sai wata gwaggon maigidana ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen hasken taga, ta ce, "Ƴata, wannan duhun da ke kumatunki fa? Ko dai shafe-shafe kika yi ya ƙone ki?" Ban taɓa shafa man bilicin ba tun da nake. Duhun ya fara ne tun cikin yana wata biyar, ya kwanta a kumatuna biyu daidai wa daida kamar an auna, daga baya ya haura goshi, ya kuma sauko saman leɓe. Na san ba da mugun nufi ta yi maganar ba, amma ɗakin cike yake da jama'a, kowa kuma ya juyo ya duba. Daga wannan rana na fi shekara ban tsaya an ɗauke ni hoto ba, kuma bukukuwa da dama na aika da gudummawata na yi zamana a gida.

Yanzu ƙanwata da ke aure a Tawa ta shiga irin wannan hali. Ta kira ni cikin dare muryarta a shaƙe, ta ce, "Yaya, mutum huɗu na tambaya, kowa da abin da ya faɗa mini." Maƙwabciyarta ta ce ta sayi haɗi, wato mayukan bilicin da ake gaurayawa a kasuwa, surukarta ta ce lemon tsami da kurkum sun isa, wata ma'aikaciyar asibiti ta ce ta nemi likitan fata, wata ƙawarta kuma ta turo mata bidiyon wurin da ake goge tabo da na'ura. Hanyoyin nan huɗu su ne ke gaban duk mai wannan damuwa a ƙasarmu. Biyu daga cikinsu na bi su da fuskata, sauran biyun na ga sakamakonsu a fuskokin mutanen da na sani, shi ya sa nake so in auna su ɗaya bayan ɗaya, domin ita da duk wadda take tsaye inda take.

Kafin a kai ga magani, dole a yi maganar abin da duhun fuska yake yi wa zuciya, domin daga nan ne zaɓi yake fara karkacewa. Wannan duhu ba ya ciwo kuma ba ya ƙaiƙayi, shi ya sa mutane suke saurin cewa, "Ai ba cuta ba ce, ki gode wa Allah." Godiya ga Allah wajibi ce a kowane hali, amma mai wannan magana bai san yadda ake ji ba idan mutum yana zance da ke alhali idonsa yana kan kumatunki. Ciwon da ke jiki riga tana rufe shi, na fuska kuwa shi ke riga baki yin sallama. A wurinmu akwai wani nauyi na daban, domin da zarar an ga duhu a kumatun mace sai a ɗauka bilicin ne ya ci ta, ta ɗauki laifin da ba ta aikata ba, har a haɗa mata da zargin raina halittar Allah. Matar aure tana kwana da tunanin ko maigida ya lura, mai abokiyar zama tana jin kowace dariya a tsakar gida kamar da ita ake, budurwar da aka sa wa rana kuwa tana ƙirga kwanaki da fargaba. Maza ma suna samun wannan duhu, musamman masu wuni a rana irin su ƴan kabu-kabu da masu aikin gini, sai dai su sukan haɗiye abin, tun da an ce namiji ba ya damuwa da fuska.

Likitocin fata sun daɗe da gane cewa wannan damuwa wani ɓangare ne na cutar kanta. A shekarar 1994, a birnin Kadif na Birtaniya, likitoci biyu, Finlay da Khan, suka tsara tambayoyi 10 da ake yi wa mai ciwon fata domin a auna yadda ciwon ya taɓa rayuwarsa, kuma daga cikin abin da ake tambaya har da jin kunya, da zaɓin tufafi, da shiga mutane, da aiki. A 2003 aka tsara wasu tambayoyin a Amurka musamman domin irin wannan duhu na kumatu. Abin da aka sha lura da shi shi ne, girman tabo ba lallai ya nuna girman damuwa ba, domin wata tabonta kaɗan ne amma ya hana ta sakat. Na kawo wannan ne domin mace ta daina ganin kanta a matsayin mai raki. Na kuma kawo shi domin wani dalili da ya fi muhimmanci ga zaɓi: zuciyar da ke ciwo gaggawa take so, kuma a cikin hanyoyin nan huɗu wadda ta fi kowacce alkawarin gaggawa ita ce ta fi kowacce ɓarna.

Abu na farko shi ne a san wane irin duhu ne, domin ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Launin fatarmu daga wani sinadari ne da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata suke ƙerawa, kuma a baƙar fata waɗannan ƙwayoyi masu saurin amsa kira ne: rana, ko zafi, ko rauni, ko canjin sinadaran jiki na mace, kowanne yana iya tunzura su su ƙara aiki. Irin nawa likitoci suna kiransa melasma. Yana fitowa a ɓangarori biyu na fuska lokaci guda, mafi yawan masu fama da shi mata ne, yakan biyo ciki ko ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma yana bin dangi. Akwai kuma tabon da ƙuraje suke bari bayan sun mutu, ɗigo-ɗigo a duk inda aka matsa ko aka sosa. Akwai ƙunar da mayukan bilicin suke haifarwa, wadda ta fi sauran wuyar sha'ani. Akwai duhun da ke kewaye wuya da hammata mai kauri kamar karammiski, wanda sau da yawa alama ce ta ƙiba ko ta kusantar ciwon sukari, kuma ba man shafawa yake buƙata ba. Wani duhun yana saman fata, wani ya nutsa can ƙasa, kuma wanda ya nutsa ya fi jinkirin tafiya ko da wane magani aka bi shi. Mai rumfa a kasuwa ba ta bambanta waɗannan, kwalba ɗaya take miƙa wa kowa.

Wannan kwalba ita ce hanya ta farko, kuma na tsaya a gabanta da kuɗina a hannu. Wata bakwai bayan haihuwa na je wata rumfa da aka yi mini kwatance. Mai rumfar ta ɗauko roba, ta juye wani farin mai a ciki, ta matse ƙananan mayukan nan da ake kira tib guda uku, ta tsiyaya wani ruwa daga kwalbar da ba ta da rubutu, ta gauraya da cokali tana cewa, "Hajiya, kwana bakwai kawai, ke da kanki za ki dawo ki yi mini godiya." Ina kallon cokalin sai idona ya sauka a kan hannunta. Bayan hannun fari ne sol, jijiyoyi kore-kore sun fito a fili, gaɓoɓin yatsun kuwa baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi. Na ce mata zan dawo, na fita ban koma ba.

Gaskiya ta faɗa game da kwana bakwai, kuma wannan ne ya sa haɗi yake da haɗari. Abin da aka fi samu a irin waɗannan mayuka abu uku ne. Na farko kortizon mai ƙarfi irin su kilobetazol da betametazon, magungunan da aka yi domin wasu cututtukan fata masu tsanani, a shafa na ɗan lokaci a daina. Na biyu hidrokinon, wanda yake toshe aikin ƙera melanin, amma a ma'aunin da babu wanda ya auna. Na uku zaiba, wato merkur, wadda guba ce ga ƙoda da jijiyoyi, tana kuma iya kaiwa ga jaririn da ke ciki ko mai shan nono. Kortizon yana matse ƙananan hanyoyin jini ya kuma danne fata, sai fuska ta yi haske da sheƙi a mako na farko, mace ta ji kamar an sauke mata dutse. Bayan watanni fatar ta yi siriri, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a haɓa, nankarwa ta tsaga hannaye da cinyoyi idan har jiki ake shafawa, makero da ƙyasbi su sami wurin zama, rauni ya daina saurin warkewa. Idan an daɗe ana shafawa a faɗin jiki, maganin yana shiga jini ya taimaka wa hawan jini da ciwon sukari. Ranar da aka daina kuma fuska ta ɗau zafi, ta yi ja, duhun ya dawo fiye da da, sai a koma rumfa. Kwalbar tana da araha, amma saye ne da ba shi da ranar ƙarewa.

Mafi muni shi ne abin da hidrokinon yake yi idan aka shekara ana shafa shi ana shiga rana. Maimakon haske sai ya haifar da wani duhu mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi a saman kumatu da gefen ido, fatar wurin ta yi gurji-gurji. Wani likita mai suna Findlay da abokan aikinsa sun bayyana wannan a Afirka ta Kudu tun 1975, a fuskokin matan da suka daɗe suna shafa irin waɗannan mayuka, kuma har yau yana cikin tabban da suka fi gagarar magani. Saboda irin waɗannan illoli ne ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sa hidrokinon a kayan kwalliya tun 2001, ƙasar Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin masu haɗari a 2015, yarjejeniyar Minamata ta 2013 kuma ta sa ƙasashen duniya yaƙi da zaiba har a cikin man shafawa da sabulu. Hukuncina a kan wannan hanya ba shi da kwana-kwana: wadda ba ta fara ba kada ta fara. Wadda ta riga ta daɗe a ciki kuma ba abin zargi ba ce, amma kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai, domin jikin da ya saba da kortizon mai ƙarfi yana buƙatar a janye masa shi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita.

Hanya ta biyu, wato maganin gida, ita ce na fara bi, kuma ta kasu gida biyu. Man kaɗanya da zuma da kurkum ba su cika cutarwa ba, man kaɗanya ma abokin fata ne a lokacin hunturu, sai dai babu ɗayansu da zai ɗauke melasma da ta zauna. Sauran kuwa, irin su lemon tsami da kanwa da tafarnuwa da man goge haƙori da dirzar fuska da soso, suna ƙara wa wuta makamashi ne. Ni mako uku na yi ina shafa lemon tsami da safe, ina jin raɗaɗi ina cewa aiki yake yi, ashe raɗaɗin nan shi ne kiran da ƙwayoyin melanin suke amsawa. Ruwan lemon tsami idan ya haɗu da rana yana iya ƙona fata ya bar tabo na kansa. Haka ma dilka mai ƙarfi a fuska, da baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi, wanda yake tayar wa wasu da ƙuraje su mutu su bar zane baƙi. Amfanin wannan hanya shi ne araha da kwanciyar hankalin cewa iyaye sun san ta. Mai so ta riƙe masu laushi daga cikinta domin fatarta ta ji daɗi, ta bar duk abin da ke sa raɗaɗi, kuma kada ta jira warakar duhun daga gare su.

Hanya ta uku ita ce ta likita, kuma a nan ne zan fi daɗewa, domin ita ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Ranar da na ga likitan fata na zaci kwalba zai rubuta mini nan take. Sai ya fara da tambayoyi: yaushe duhun ya fito, me na taɓa shafawa, ina shayarwa ko a'a, wane maganin tazara nake amfani da shi, awa nawa nake yi a rana, da me nake girki. Daga nan ya ce, "Madam, rabin maganinki inuwa ce." Na ji haushin maganar a lokacin, daga baya na gane ita ce ginshiƙi. Muna zaune ne a ƙasar da rana take da ƙarfi kusan duk shekara, a Yamai da Tawa zafi yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma melasma tana amsa wa hasken da ido ba ya gani, da hasken da ido yake gani, har ma da hucin murhu. Duk man da za a shafa da dare, idan aka wuni a rana babu kariya, to ana ɗiban ruwa ne da kwando.

Kariyar ta ƙunshi man kariya daga rana mai lamba SPF 50, ko aƙalla 30, a shafa kowace safiya ko da ba za a fita nesa ba, a kuma sake shafawa bayan awa biyu zuwa uku idan ana waje ko an yi zufa ko alwala ta wanke shi. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne mai launi, wato wanda aka sa wa sinadarin tsatsar ƙarfe, domin shi ne yake tare hasken da ido ke gani, kuma ba ya barin fuska fari fat kamar an shafa toka, wanda shi ne ƙorafin da ya sa mata da yawa suke watsar da man. Ba zan ɓoye ba, mai kyau yana da tsada, kuma wannan babban aibi ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Amma lema da malfa da janyo mayafi ya inuwantar da kumatu, da kauce wa fitar tsakar rana, da matsawa nesa da bakin murhu, duk suna cikin kariya, kuma kusan kyauta ne.

Sai kuma mayukan magani. Wanda aka fi sani shi ne hidrokinon kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ko kuma haɗin abu uku da wani likitan Amurka mai suna Kligman ya bayyana a 1975, wanda ya ƙunshi hidrokinon da tiretinoyin da kortizon. Mai karatu za ta ce, to ai waɗannan su ne a robar mai rumfa. Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi ta. Bambancin yana cikin abu huɗu da suke tafiya tare: ma'aunin an san shi kuma ƙarami ne, kortizon ɗin mai sauƙi ne ba irin su kilobetazol ba, ana ɗiga shi ne a kan tabon kaɗai da dare ba a shafe fuska da jiki ba, sannan yana da ranar dainawa, galibi bayan wata biyu zuwa huɗu, a koma wani abu mai sauƙi. Manufar likita ita ce tabon ya dawo daidai da launin da Allah Ya ba ki, manufar haɗi kuwa ita ce a canza launin gaba ɗaya. Ga mai ciki ko mai shayarwa, likitoci sukan kauce wa hidrokinon da tiretinoyin, su koma ga asid azelayik kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wanda ya fi jinkiri amma ya fi aminci, yana kuma maganin ƙuraje da tabonsu a lokaci guda. Ga wadda duhunta ya ƙi ji, akwai ƙwayar asid tiranekzamik, wadda ungozomomi suka sani domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma an gano tana rage melasma a ƙaramin ma'auni. Wannan ƙwaya ba ta sayen kai ba ce ko kaɗan, domin tana da haɗari ga wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ko take shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Idan kuma ƙwayoyin tazarar ne ake zargi da tayar da duhun, abin yi shi ne a koma wurin da aka ba da su a tattauna canji, ba a daina a ɓoye ba.

Aibin wannan hanya a bayyane yake, kuma rashin adalci ne a rufe shi. Tana da jinkiri, domin sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga canji na gaskiya, kuma makonnin farko fata tana iya bushewa ko ta yi ɗan saɓa, abin da ke sa mai rauni a zuciya ta yanke ƙauna. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasarmu, mafi yawansu kuma suna Yamai, a babban asibitin ƙasa da cibiyar kula da cututtukan fata da kuturta da wasu asibitoci masu zaman kansu, don haka mai zuwa daga Tawa tafiyar fiye da kilomita 500 ce a gabanta, ga kuɗin mota da na masauki. Sannan likitan kirki ba zai yi miki alkawarin rabuwa da melasma har abada ba, zai ce ana lallaɓa ta ne kamar yadda ake lallaɓa hawan jini, tana lafawa tana iya dawowa. Wannan magana tana da ɗaci a kunnen wadda ta zo da begen kwana bakwai. Duk da haka, a cikin hanyoyin huɗu ita kaɗai ce idan aka waiwayo bayan shekara ake samun fatar tana da lafiya fiye da ranar da aka fara.

Hanya ta huɗu ita ce saɓule saman fata da sinadari, ko harbin tabo da na'urar leza. Ba ƙarya ba ce, likitoci suna yin duka biyun, amma a matsayin ƙari bayan an kafa kariya daga rana da man magani. Saɓulewa mai sauƙi da asid gilikolik a hannun gwani tana iya hanzarta aiki. Leza kuwa melanin take nema ta fasa, fatarmu kuma cike take da shi, don haka na'urar da ba a saita ta da kyau ba ba ta bambanta tabo da lafiyayyar fata. Sakamakon shi ne ƙuna, ko sabon duhu, ko farin ɗigo-ɗigo da ba ya komawa, kuma ko a inda aka yi nasara melasma takan dawo. Wata abokiyar aikina ta kashe kuɗi masu yawa a wani wurin gyaran jiki ana saura wata guda bikin ƴarta, aka shafa mata wani ruwa mai ƙarfi, ta yi kwana goma ba ta fita ba, kuma inda ya ƙone har yau ya fi sauran fuskar duhu. Hotunan da ake yaɗawa a Facebook da TikTok na kafin da bayan aiki ba sa nuna fuskar bayan wata shida. Allurar da ake cewa tana haskaka fata ma tana nan kusa da wannan hanya, kuma ya isa a sani cewa hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da kowace allura domin hasken fata ba. Wadda za ta bi wannan hanya ta tabbatar likitan fata ne zai yi da hannunsa, wanda ya saba da baƙar fata, kuma ya fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri.

Idan aka ɗora su a sikeli, zaɓin ya danganta da halin da mace take ciki. Mai ciki da mai jego su fi ba da ƙarfi ga inuwa da haƙuri, domin duhun da ciki ya kawo yakan ragu da kansa ga mata da yawa a cikin shekarar farko bayan haihuwa, idan dai ba a tsokane shi ba. Mai tabon ƙuraje ta fara da maganin ƙurajen da kuma cire hannu daga fuska, domin muddin sababbi suna fitowa sabon tabo yana tafe. Wadda biki ya matso mata, hoda mai kyau da ta dace da launinta ta fi mata duk wani maganin gaggawa, kuma babu abin kunya a rufe tabo da kwalliya, hodar ma tana ƙara tare haske, sai dai a wanke ta da dare da sabulu mai laushi. Wadda ba ta da halin zuwa Yamai yanzu ta fara da abin da ke hannunta, ta ga likitan da ke kusa da ita, ta kuma ƙi karɓar kowane mai da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Wadda kuma ta ga damuwar ta kai ta ga daina cin abinci, ko rasa barci, ko ƙaurace wa mutane gaba ɗaya, ta faɗa wa likita wannan da bakinta kamar yadda za ta nuna masa kumatun, domin shi ma yana da magani. A nan maigida da ƴan uwa suna da rawar takawa. Ni ranar da maigidana ya sayo mini lema da kansa, ya ce zai riƙa kai yaro makaranta da rana domin in huta, na ji sauƙin da wani mai bai taɓa ba ni ba.

Shekara uku ke nan ina kan hanyar likita. A ranar ɗaya ga kowane wata nakan tsaya a bakin tagar nan da gwaggo ta juya fuskata, in ɗauki hoto da safe ba tare da hoda ba, domin madubi na kullum ba ya nuna canjin da ke tafiya a hankali. Goshina ya washe, na saman leɓe ya kusa ɓacewa, kuncin hagu ya fi na dama taurin kai, kuma duk watan Afrilu yakan ɗan dawo sai in ƙara kula.

Ƙanwata tana shayar da jaririyar wata huɗu, don haka na ce mata ta ajiye lemon tsami daga yau, ta ba maƙwabciyarta haƙuri, ta matsar da murhunta ƙarƙashin rumfa, kuma na aika mata man kariya mai launi ta hannun direban da ke zuwa Tawa. Ta ce za ta zo Yamai bayan salla mu je wurin likita tare. Na ce mata ta haɗo duk abin da ta taɓa shafawa a leda ɗaya ta taho da shi, har da ƙullin kurkum ɗin surukarta, domin tambayar farko da zai yi mata ke nan.